Anti Kwaɗo ta Gidan Gwajin Jini

Ba iyayenta ne suka sa mata Kwaɗo ba. A gidan gwajin jinin da take aiki aka laƙa mata, saboda duk abin da ke da murfi ko ƙofa a ofishinta sai ta rataya masa kwaɗo: durowa, kabad, har ɗan akwatin da take ajiye kofi da cokali. Sababbin ma'aikata kan ɗauka kwaɗon ruwa ake nufi, su yi ta satar kallonta suna neman inda ta yi kama da shi, sai ranar da suka je aron almakashi suka ga ta zaro tarin makullai daga jaka, sannan su gane. A gaban idonta dai Anti kawai ake cewa.

Ita ce babba a ɗakinsu. Ta tashi a gidan haya mai ɗakuna a jere, irin wanda in aka yi tari a ɗakin farko na ƙarshe zai ce sannu. Mahaifinta tela ne. Wata shekara ya kwanta ciwon ƙirji, mahaifiyarta ta faɗa wa maƙwabciya ɗaya tak don ta rage nauyin zuciya. Ba a jima ba matan gidan suka hana 'ya'yansu wasa da su, aka riƙa janye bokiti in sun zo bakin famfo, masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Uban ya warke sarai, amma keken ɗinkinsa bai sake yin ƙara kamar da ba. Tun daga nan yarinyar ta ɗauki wani hali: in aka tambaye ta ko babanta na nan, sai ta fara tambayar wa ke nema, kuma me ya kawo shi.

Da wannan halin ta girma, ta koyi tafireta, daga baya ta koyi kwamfuta, ta samu aiki wajen Dakta, mai gidan gwajin, tun gidan yana ɗaki biyu a saman wani kanti. Yanzu gini ne guda, da zauren jira mai kujerun roba da talabijin da ba a taɓa jin sautinsa ba. Anti ce ke kula da bayanan duk wanda aka ɗebi jininsa: sunansa, lambar wayarsa, lambar ɗan'uwan da za a nema in ta ɓaci, da abin da gwaji ya nuna.

Allah kuma ya haɗa ta da miji kishiyar halinta. Mai gyaran firij ne, mutum mai faran-faran, wanda in ya shiga motar haya kafin ya sauka kowa ya san yawan 'ya'yansa da ajin da kowanne yake. Lambar wayarsa kuwa tana rubuce a bayan firij ɗin rabin gari. In ta yi masa faɗa sai ya yi dariya ya ce ai shi ba shi da abin ɓoyewa sai tumbi, shi ma ya ƙi ɓoyuwa.

Da dokar kare bayanan jama'a ta fito, aka ce duk ma'aikatar da ke tara sirrin mutane sai ta naɗa jami'in da zai tsare shi, Dakta bai wahalar da kansa ba. Ya leƙo ofishinta da kofin shayi a hannu ya ce ya riga ya aika da sunanta hukuma. Ita ba ta yi murna ba. Abin da ya fara zuwa mata shi ne, me ya sa ita? Ta yi kwanaki tana juya maganar, ta yanke a ranta cewa ana neman wuyan da za a rataya wa laifi ne in wata rana abu ya lalace. Duk da haka ta je taron bitar da aka tura ta, ta zauna a layin gaba, ta dawo da abin da ya fi ƙarfin kwaɗon ƙarfe. A can ta ji yadda ɓarawon zamani ba ya fasa ƙofa, yana zaune a wata ƙasa zai shiga kwamfutarka ya kwashe abin da ke ciki, kai kuma kana nan kana gadin makulli.

Ma'aikata suka shiga uku. Ta bi tebur-tebur tana ɗaga allon rubutun kwamfuta, tana ɓamɓare 'yan takardun da aka manna kalmar sirri a ƙarƙashi. Ta hana shigo da filashi, ɗan abin kwafar bayanai, daga waje. Ta hana barin kwamfuta a buɗe ko da mutum bayan gida zai zaga. Injiniyan da ke zuwa duba musu na'urori, wanda a da yake shiga ko'ina kamar ɗan gida, yanzu sai ta ja kujera ta zauna a bayansa har ya gama. Ya taɓa ce mata, cikin wasa, numfashinta a ƙeyarsa na sa shi manta karatunsa. Ta ce mai gaskiya ba ya jin numfashin kowa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa nuna gajiya da ita ba: mai karɓar baƙi, wadda kowa ke kira 'Yar Fara'a. Bazawara ce mai ɗa ɗaya, doguwa, mai saurin hannu a kan kwamfuta da saurin murmushi. Tsofaffin da ke tsoron allura kan tsaya a kantarta su yi ta hira har su manta abin da ya kawo su. Anti tana sonta daidai gwargwadon yadda take iya son wanda ba jininta ba, amma takan ce a ranta fara'ar ta yi yawa, kuma duk abin da ya yi yawa akwai dalili.

Wata safiya wani dattijo ya shigo, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ya ce shi mai kula da sirrin mutane yake nema. Aka kai shi ofishin Anti. Ya zauna, ya jingine sandarsa a jikin tebur, ya yi magana a hankali kamar mai karanta wa ɗalibai sanarwa. Ya ce kwanakin baya an gwada shi a nan, aka ga ƙodarsa ta fara gazawa. Bai gaya wa kowa ba, domin 'yarsa na da tsohon ciki, yana jira ta sauka lafiya. Sai ga wani ya kira shi yana tallar maganin ƙoda, har yana faɗa masa abin da gwajinsa ya nuna. Da ya kashe wayar, mutumin ya kira 'yar.

"Lambarta wuri ɗaya na taɓa bayarwa, 'yar nan," in ji shi. "A kantarku. Yanzu tana asibiti, jininta ya hau. Ban zo faɗa ba. Na zo ne ki gaya mini wa ya sayar da ni."

Anti ta ce, "Baba, ban sani ba. Amma zan sani."

Ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da ita ta saba yi wa mutane, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bayansa wasu suka biyo. Wata mata mai neman haihuwa an kira ta ana yi mata tallar haɗin da ba ya kuskure. Wani direba an kira matarsa a kan ciwon da shi kansa bai gama yarda yana da shi ba. Dakta ya ce a lallaɓa su, a ce musu ana bincike. Anti kuwa ta daina cin abincin rana. Ta dawo tana zama a kusurwar zauren jira, kamar mai jiran layi, tana kallon ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Nas ɗin da ke ɗibar jini ta cika fita amsa waya. Mai babur da ke kai samfuri asibitoci yakan daɗe a hanya. Injiniya ya sake taya huɗu a motarsa lokaci guda. Kowa ta duba sai ta ga alama, har Dakta ba ta cire shi ba.

Amma idonta ya fi tsayawa a kan 'Yar Fara'a, domin ta hannunta kowace lamba ke shiga. Ga shi kuma a 'yan kwanakin ta zo da sabuwar waya mai faɗin fuska. Ranar da Anti ta hango ta ta ɗaga wayar ta ɗauki hoton fuskar kwamfuta, sai ta ji kamar an sauke mata kaya. Ba ta jira komai ba. Ta taka har bakin kantar, a gaban masu jiran layi, ta miƙa hannu ta ce a ba ta wayar. 'Yar Fara'a ta ba ta tana murmushi, don ta ɗauka wasa ne.

A ofishin Dakta aka buɗe wayar. Hoton na nan, sakamakon wata tsohuwa ne. 'Yar Fara'a ta yi bayani: tsohuwar ba ta iya karanta saƙon da ake tura wa mutane, ita ce ta roƙa a aika wa jikarta hoton. Wayar kuma yayanta ne ya ba ta da ya sayi wata. Anti ba ta saurara ba. Ta bi hotunan wayar kaf, ta shiga saƙonni, har hirar da matar ke yi da wani mai neman aurenta sai da ta karanta. Ba ta samu komai ba, amma rashin samun ma sai ya zame mata hujja: wato an goge. Dakta, wanda ke neman inda zai sauke maganar, ya ce 'Yar Fara'a ta je gida ta huta har a gama bincike. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Anti, da kin tambaye ni a ɗaki, da na nuna miki komai da hannuna," ta ce. Ba ta sake dawowa ba.

Anti ta samu barci na ɗan lokaci. Sai ga wani magidanci ya zo da irin ƙorafin, kuma da ta duba ranar da aka ɗebi jininsa, ta ga bayan tafiyar 'Yar Fara'a ne. Ita Anti da kanta ta karɓe shi a kantar karɓar baƙi ranar, ita ta shigar da lambarsa. Ta rufe ƙofar ofis ta zauna. In ba ta hannun mutum abin ke fita ba, to ta ina?

Bayanan gidan wuri biyu suke zama. Akwai babbar kwamfutar ofis, wadda Injiniya ke kula da ita. Akwai kuma wata manhaja da ke tura wa mutane saƙo a waya cewa sakamakonsu ya fito, wadda wani kamfani ya ba su kyauta, domin mai kamfanin abokin karatun Dakta ne. Tun ranar da aka kawo ta Anti ta tambayi abin da kamfanin ke samu in kyauta ce, Dakta ya ce zumunci. Ta yi shiru a lokacin ne kawai don ba a ba ta wannan kujerar ba tukuna.

Da ta koma gida ta tambayi mijinta tsofaffin layukan wayarsa. Yana da su cike da gwangwani, saboda duk wanda ya tare shi a hanya da sabon layi sai ya karɓa don kada ya ba shi kunya. Ta zaɓi biyu masu aiki, ta sa a tsofaffin wayoyin yara. Washegari, bayan an tashi, ta ƙirƙiro majinyata biyu da ba su taɓa zuwa duniya ba. Na farko ta ba shi ciwon hanta ta ajiye shi a kwamfutar ofis kaɗai. Na biyu ta ba shi ciwon suga ta sa shi a manhajar kaɗai. Ba ta gaya wa kowa ba, har mai layukan. Ta jera wayoyin a kan firij ɗin falo, ta ce wa yara duk wanda ya taɓa zai gamu da ita.

Ranar hutu ce da rana, tana wanki a tsakar gida, ta ji ɗaya ta yi ƙara. Kafin ta ɗauraye hannu maigidan ya riga ya ɗauka, ya yi sallama da fara'arsa ta kullum. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Maman yara, wai ina da suga? Wannan bawan Allah ya ce ta yi sama ƙwarai."

Ta yi masa alama ya ci gaba. Shi kuwa abin nema ya samu, ya gyara zama ya shiga hira da mai tallar, yana tambayarsa ko maganin na hana shan shayi, har mutumin ya gaji ya kashe. Ɗayar wayar, ta mai ciwon hanta, ba ta taɓa yin ko tari ba.

Da ta kai wa Dakta maganar, ya daɗe yana murza goshi. Ya kira abokin nasa a gabanta. Abokin ya rantse ya maya cewa su ba sa sayar da bayanan kowa, sai dai in masu kutse ne suka shiga rumbunsu, zai sa a duba. Anti tana kallon Dakta yana kallon tebur, tana auna ko mamakinsa na gaske ne ko na gani. Ya ajiye waya ya ce shi ke nan, a cire manhajar yau, a rufe maganar.

Ta ce doka ba ta ce a rufe ba. Ta ce a sanar da hukuma, a kuma sanar da duk wanda abin ya shafa.

Dakta ya miƙe ya kama zagaye ofis. Ya tuna mata shekarun da suka yi tare tun suna saman kanti, ya ce in labarin ya fita babu mai sake miƙo musu hannu a ɗebi jini, ma'aikata kuma da iyalansu ita za ta ciyar da su? Ta bar shi ya gama.

"Dakta, sunana ka kai hukuma, ba naka ba," ta ce. "In an rufe yau aka buɗe gobe, ni za a fara kira. Ko mu faɗa tare, ko in ajiye kujerar in gaya musu dalili."

Dakta ya kira lauyansa, da fatan zai samo masa wata ƙofa. Lauyan ya zo ya saurari kowa, ya ce a wannan Anti ce da gaskiya, ɓoyewa ta fi ɓarnar tsada. Anti ta fara gyara zama, sai ya juyo kanta. Ya ce cusa majinyatan ƙarya cikin bayanan lafiya ba abin wasa ba ne, sai an rubuta wa hukuma yadda aka yi da dalilin yi. Sa'annan ya tambayi wanda ya ba ta izinin karanta saƙonnin wayar ma'aikaciya. Ya ce dokar da take riƙe da ita ba majinyata kaɗai ta rufa wa asiri ba, har da matar da aka bincike wa waya, kuma in ta ga dama ta kai ƙara tana da abin faɗa. Wannan ba a faɗa a taron bita ba, ko kuma an faɗa hankalin Anti na kan ɓarayin ƙasashen waje.

Aka sanar da hukuma. Jami'ai suka zo suka yi kwanaki suna tambayoyi, suka ci gidan tara, suka gindaya sharuɗɗa. Kamfanin manhajar ya ci gaba da cewa kutse aka yi masa, wasu na cewa sayarwa ya yi, har yau Anti ba ta san gaskiyar ba, kuma ba ta yarda da ko ɗaya ba. Kiran mutanen da abin ya shafa ita ta ɗauka a kanta. Ta sha zagi, wasu suka kashe waya a kunnenta, wasu suka tambaye ta ko ita ma wani maganin za ta tallata. Tsohon hedimasta ya saurare ta har ƙarshe, ya ce 'yarsa ta sauka lafiya, ya gode da ta cika alkawari, amma gwajinsa na gaba a wani wuri zai yi. Zauren jira ya yi watanni rabinsa kujeru ne kawai, kafin mutane su fara dawowa kaɗan-kaɗan. Dakta bai kore ta ba, bai kuma sake leƙo ofishinta da kofin shayi ba.

'Yar Fara'a ta samu aiki a wani babban kantin magani a ɗaya gefen gari. Anti ta daɗe tana shirin zuwa tana fasawa, sai da mijinta ya ce in ba ta je ba shi zai je, kuma ta san bakinsa. Ta same ta a bayan kanta cikin farar riga, tana yi wa wani tsoho bayanin yadda zai sha ƙwayoyinsa. Ta jira layi ya zo kanta kamar kowa. 'Yar Fara'a ta gaishe ta da ladabi, ta tambayi yara da maigida. Anti ta faɗi abin da ya kawo ta, a gajarce, don ba ta saba ba: an gano inda abin ya fito, ba ita ba ce, ita Anti ta zalunce ta, kujerarta na nan in tana so.

Matar ta ci gaba da jera kwalaye.

"Na yafe, Anti, tun tuni. Amma ba zan koma ba. Mutanen da ke zaune a zauren ranar, wa zai bi su ya gaya musu?"

Anti ta tambayi ko za ta kai ƙara, ita ba za ta musa komai ba. 'Yar Fara'a ta yi ɗan murmushi, ba irin na da ba, ta ce an ba ta wannan shawarar, tana tunani tukuna. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi wanda ke bayan Anti a layi, ta ce masa bismilla.

Anti ta matsa gefe. Ta fito titi ta tsaya jiran mota, tana juya kalmar nan ta "tukuna", tana neman abin da ke ƙarƙashinta. Har ta isa gida ba ta yanke ko barazana ce ko kuwa gaskiyar magana ce kawai ba. Washegari ta riga kowa zuwa aiki, kamar kullum.